Motar Kawu Mai Bin Sawu

Motar kawuna tana da wani hali da duk wanda ya taɓa shigarta tsakanin Gaya da Ajingi ya sani. In ana tafiya a hankali lafiya lau take, sai ka ce tunkiya. Da an ba ta wuta ta ɗauki gudu, sai ta shiga neman sawu. A wancan lokacin hanyar ba kwalta, wani wuri burji wani wuri yashi, kuma manyan motocin da ke kwasar gyaɗa sun haƙa mata kwari biyu tun daga bakin gari har inda ido ya ƙare. Da damina suke haƙawa, rani ya zo ya busar. Wannan kwarin shi muke kira sawu. Motar kirki direba ne ke zaɓa mata, ya ga dama ya shiga sawu, ya ga dama ya hau tudu. Ta Kawu kuwa ita ke zaɓa wa kanta. Ko gefen sawu ta taɓa, sai ka ji ta fizgi kai ta faɗa ciki. In sawun ya karkata ta karkata, in ya rabu biyu ta yi ta wasi-wasi a guje, mutanen baya suna gware da juna.

Akori-kura ce, fara ce a da, amma jar ƙasa ta riga ta rina ta. Kawu wan mahaifiyata ne. Tun ina ƙarami, shekarun farko bayan samun mulkin kai, yake jan babbar motar wani attajiri, har ya tara ya sayi wannan bayan an gama yaƙin basasa. Abin taƙamarsa a duniya ɗaya ne, kuma ba ya gajiya da faɗa: duk shekarun da ya yi a kan hanya bai taɓa taka ko kaza ba. Shi ya raba ni da fartanya. Mahaifina yana ganin kanikanci aikin ƙazanta ne, Kawu bai tsaya musu da shi ba, ya sa ni a gidan gaba ya kai ni Kano, ya damƙa ni a hannun wani mai gareji. Na dawo Gaya a shekarar da aka canza hannun tuƙi, da akwatin sifanu da kai a kumbure, na kafa rumfa a gefen tasha. Tun daga nan ya daina kiran sunana, sai dai Injiniya, da wata irin murya da ba ka gane yabo ne ko zolaya.

Abin da na tarar a tasha bai yi mini daɗi ba. An fara cewa tsufa ya kama hannun Kawu. Matan Fulani masu kai nono kasuwa suna ƙorafin yana zubar musu da rabin ƙwarya kafin a isa. Wani tsoho mai awaki ya ce gara ya tafi a ƙafa ya isa da haƙoransa. Ga kuma wani matashi ya kawo sabuwar bas, 'yan kamasho suna tura masa fasinja ko da layin Kawu ne, shi kuma yana zaune a kan benci yana jan carbi kamar bai gani ba. Kowa ya san inda maganar ta dosa. In aka ci gaba a haka, kaka ɗaya ko biyu za a wayi gari ba mai shiga motarsa, kuma mutumin da ya yi rayuwarsa duka a bayan sitiyari zai koma gida ya zauna a zaure. Ni kuwa raina ya ɓaci, don kallo ɗaya na yi wa motar tana tahowa na san ba hannunsa ba ne. Ciwon a ƙafafunta yake.

Na same shi da maganar wata rana bayan azahar. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Kawu, a ba ni motar nan yini ɗaya in duba ƙafafunta."

"Me ƙafafunta suka yi maka?"

"Bin sawu take yi. Ana ta magana a tasha."

"To tasha in ba a yi magana ba me za a yi? Ƙyale ta, Injiniya. Ni da ita mun san juna."

Na sake tuntuɓarsa ba sau ɗaya ba, amsar ba ta canza ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yana ba ni sauran aikin. Birki ni, fulogi ni, juyen baƙin mai ni, har hon in ya shaƙe ni yake kira. Amma da na kai hannu wajen tayoyin gaba sai ya ce a bar nan. Na ɗauka raini ne, wato har yanzu yaron da ya kai Kano yake gani. In zan faɗi gaskiya, son gyara motar nan rabi don shi ne, rabi don ni. Ina so a daina cin naman kawuna a tasha, ina kuma so a san wanda ya hana.

Da kaka ta yi, Kawu ya tafi ƙauyen Balan cirar gyaɗa. Gonar gado ce, kuma hanyarta mota ba ta shiga, don haka ya bar akori-kurar a ƙofar gida ya bar makulli wajen matarsa, wadda muke ce wa Inna. Ko yini bai yi da tafiya ba na je. Inna ta ce, "Ya fa ce kada a taɓa ta." Na zauna na yi ta zuba mata bayani, na kawo maganar masu nono, na kawo ta mai awaki, na ce so nake ya dawo ya tarar da abin farin ciki. Ta daɗe tana kallona, kamar akwai abin da take son faɗa ta rasa ta inda za ta fara. Daga baya ta shiga ɗaki ta ɗauko makullin, ta ce in yi a hankali.

Na fara da fita da ita hanya ni kaɗai, don mai garejinmu ya koya mana kada ka kwance abin da ba ka ji da hannunka ba. Ina wuce gidajen ƙarshe na taka ta. Ban taɓa riƙe sitiyari irin wannan ba. Duk abin da ke ƙasa sai ya hau hannunka. Gefen sawu na dama ya ja ka dama, na hagu ya ja ka hagu, inda yashi ya fara ka ji nauyi, inda burji ya dawo ka ji ya sake. Na yi ƙoƙarin fitar da ita daga sawu a guje, ta ƙi, na matsa mata, ta fita da tsalle ta nemi ta koma. Kafin in juyo kafaɗuna sun yi tsami, na ce lallai tsohon nan ƙarfi gare shi.

A rumfa na bi ta daki-daki. Tayoyin gaba ba nata ba ne, na wata mota ce da ta fi ta girma, masu faɗi, kuma iskarsu kaɗan. Taya mai faɗi da laushi duk abin da ta taka sai ta rungume shi. Na taɓa tambayar Kawu dalili, ya ce saboda yashi. Na shafa su da tafin hannu, gefen ciki ya cinye, kuma in ka shafo ta ɗaya ɓangaren sai ka ji kaifi-kaifi kamar zarto. Na sa jak na ɗaga gaban, na kama taya da hannu biyu na girgiza ta dama da hagu, ta amsa da ƙwas-ƙwas. Akwai sandar ƙarfe da ke haɗa sitiyari da ƙafafu, mu kan ce mata tayirod, kawunanta sun ci sun yi sako-sako. Wannan duk tsufa ne da rashin kula, ban yi mamaki ba.

Awon tsakanin ƙafafun ne ya ba ni mamaki. Ba mu da na'ura a Gaya, karan dawa muke samu miƙaƙƙe mu yanke shi daidai tsakanin tayoyin gaba biyu. Ka gwada shi ta bayan tayoyin, ka zo ka gwada ta gabansu. A ƙa'ida gaban ya kamata ya ɗan fi matsewa, kaɗan dai. Na Kawu da na kawo karan gaba sai ya faɗi ƙasa, akwai sarari har yatsa ya shige. Ƙafafun sun buɗe waje kamar tafiyar agwagwa, kowace taya da inda ta nufa, wadda ta fara samun abin kamawa ita ke jan motar. Na leƙa notinan da ake ɗaure awon da su, sai na ga sawun sifana sabo fil yana ƙyalli a cikin tsatsa, kuma dama da hagu an juya su daidai wa daida. Wato ba lalacewa ba ce, wani ne ya zauna ya buɗe su da hannunsa.

Direbobi sun taru a bakin rumfa suna kallo, ni kuma abin nema ya samu. Na ɗaga karan ina nuna musu, na ce ku zo ku ga abin da ake ɗora wa kawuna. Na ce ko wane ne ya yi wannan awon, aikin makaho ya yi. Aka yi dariya, na ji daɗi, na maimaita. Maganar tasha kuwa ba ta kwana a tasha.

Na bi motar safe na shiga Kano na samo kawunan tayirod, na kuma karɓo tayoyi biyu daidai da nata wajen wani abokina. Na ɗaura, na ba su iska yadda ya kamata, na cika ko'ina da giris. Awon na fi daɗewa a kai. In juya, in tura motar gaba kaɗan, in gwada kara, in sake juyawa, har gaban ya matse da kamar kaurin tsinken ashana biyu. Tsofaffin tayoyin da ƙarafan na jefa su bayan rumfa. Da na fita gwaji sai na ji kamar an canza mota. Na shiga sawu na fita, na tsallaka shi a karkace, na bi ta tudun tsakiya a guje, ko gezau. Sitiyarin ya yi shiru, ba ya gaya maka komai, inda ka nuna nan take bi. Na dawo ina waƙa ni kaɗai, kuma kafin magariba duk tasha ta ji cewa ranar kasuwar Ajingi kowa ya zo ya ga tuƙin Kawu.

Ana gobe kasuwa ya dawo, bayan la'asar, da ƙurar gona a ƙafarsa. Ban ma bari ya sha ruwa ba na tare shi da albishir. Ya je wajen motar ya durƙusa, ya shafa tayar dama tun daga sama har ƙasa, ya zagaya ya shafa ta hagu, ya zura hannu ciki ya taɓa sababbin ƙarafan. Ya daɗe a durƙushe. Da ya miƙe ya ce, "An gode, Injiniya. Allah ya yi albarka." Ya shige gida. Na ce a raina girman kai ne irin na tsofaffi, gobe in ya ji ta a hanya zai saki fuska.

Da safe mota ta cika tun kafin rana ta yi zafi, abin da aka daɗe ba a gani ba. Masu nono sun zo, masu tabarmi, wani da buhunan gero, har tsohon nan mai awaki ya ce bari ya gani da idonsa. Na shige gidan gaba kusa da Kawu don kada yabon ya wuce ni. Ya yi bisimilla ya tayar, muka fita daga gari a hankali, yana ɗaga wa mutane hannu kamar kullum.

Da muka hau miƙaƙƙiyar hanya ya sa giya ta sama. Ina kallon fuskarsa ina jira. Sai na ga hannuwansa suna wani abu da ban gane ba, yana ɗan kaɗa sitiyari dama, ya kaɗa hagu, kamar mai laluben ashana a ɗaki. Motar kuwa duk inda ya kaɗa sai ta bi, lumui. Ya matso da fuskarsa kusa da gilashi. Gumi ya fara tsattsafo masa a gefen hula, alhali safiya ce. Na ce, "Kawu, ka ji ta ko?" A gaba hanyar ta ɗan karkata hagu, wurin da yashi fari ya rufe hanya da gefenta duka. Sawu ya yi hagu, mu muka miƙe. Motar ta haye gefen sawun ba ko girgiza, ta nufi wata gona da aka girbe, inda mata ke tafe a jere da kaya a ka.

Na ce, "Kawu, hanya."

Ya ce, "Ina take?"

A hankali ya faɗa, ba tare da ya juyo ba. Na kai hannu na murɗa sitiyarin hagu, shi kuma ya taka birkin da ni na gyara masa, muka tsaya a cikin kututturen kara. Matan suka watse suna salati, amma ba wadda aka taɓa. Kawu ya share fuska da hannun riga, ya buɗe ƙofa, ya ɗaga murya yadda na baya za su ji, ya ce tun da bakanike yana kusa bari ya karɓa ya ji aikinsa da lodi a kai. Ya zagayo ta gaba yana dafa motar, ni na matsa bayan sitiyari. Na baya suka yi ta dariya, wani ya ce kai ka ji tsoho da wasa.

Haka na ja mu har Ajingi. Da aka sauke kaya, fasinja suna ta sa albarka, masu nono suna nuna wa juna ƙorai ko ɗigo bai zuba ba. Kawu ya ce in zo. Muka koma gindin wata tsamiya bayan 'yan hatsi, inda hayaniya ta yi sauƙi, ya zauna a kan saiwa ni na tsuguna.

Na kalli idanunsa sosai, karo na farko tun da na dawo daga Kano. Garau suke, ba yanar ido ba ja, ba abin da za ka gani ka ce ga ciwo. Ya ce ganin ya daɗe yana tafiya, daga gefe-gefe ya fara, yanzu kamar mai leƙe ta ɓular zana yake. Babban abu in yana gabansa sosai yana gani, jaki ko mota ko mutum. Amma ƙasa duk ta zama ɗaya, ba ya raba hanya da gona, musamman inda yashi ya yi fari.

"Da ido ya fara ja da baya, sai na lura hannu yana ji," in ji shi. "Da ta fara sako-sako na ƙyale ta. Na sa mata masu faɗi, na rage iska. Da abin ya ƙaru na ɗan buɗe mata ƙafa. In tana cikin sawu na san ina kan hanya, in ta taɓa gefe ta gaya mini." Ya ɗan yi murmushi. "An ce ka ce aikin makaho ne. Ka iya aikinka, Injiniya."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Na ce ya yafe mini, ban sani ba. Ya ce ai bai gaya mini ba. Ana ta cinikin gero a bayanmu. Can ya ce, "Tsofaffin kayan suna nan?"

Da na ce na zubar, da an wuce wurin, kuma na yi tunanin faɗar haka. Amma ban taɓa yi masa ƙarya ba. Na ce suna bayan rumfa.

"Aikin rabin yini ne," ya ce. "Kaka biyu kawai nake nema, in aurar da 'yan matan nan nawa. Hanyar nan ɗaya nake bi, ba na shiga kwalta, ba na tafiyar yamma. Ka gani dai, har yau ban taɓa kowa ba."

Daga inda nake ina hango motar, wata mata ta riga ta ɗora ƙullin kayanta don kama wuri, ta zaunar da 'yarta a kai tana ba ta ƙosai. A gidanmu ba a ce wa kawu a'a. Ban san ma yadda ake haɗa kalmar ba in shi ne a gabana. Na sunkuyar da kai na ce, "Kawu, ba zan iya mayarwa ba."

"Ni zan iya. Ni na yi na farko."

Na ɗauki tsinke na shiga tona ƙasa.

"In na mayar, za ka faɗa?"

Na ci gaba da tona ƙasa da tsinken, ban ɗago kai ba. Ya jira, ya jira. Daga baya ya ce, "To, na ji." Ya miƙa mini hannu in tashe shi, abin da bai taɓa yi ba, muka koma wajen mota. Ni na ja mu zuwa gida, kuma bai sake zama a bayan sitiyari ba.

A tasha cewa ya yi bayansa ne ya matsa masa, aka yi masa sannu, aka sa wani direba a motar. Na kai shi asibitin ido a Kano, likita ya haska ya haska, ya ce an makara, sai dai magani don abin da ya rage ya ɗan jima. Bai jima ɗin ba. Direban da aka sa kuma ba shi da hannun Kawu, abin da motar ke kawowa ya ragu, auren 'yan matan sai da dangi suka haɗa hannu, aka yi shi ba yadda ya so ba. Inna ba ta taɓa ce mini komai a kai ba. In na je gaishe su ta kawo mini fura kamar da, ni ne dai ba na iya shanyewa.

Duk abin da mai hankali zai gaya mini an gaya mini. Mahaifiyata ta ce rayuka na tsare. Limaminmu, da na kai masa maganar a kaikaice, ya ce da na mayar da kayan da ni da shi duk muna da alhaki. Na yarda. Akwai ma ranakun da haushin Kawu nake ji, in tuna matan nan a gona, in ce wane irin mutum ne zai ɗebi bayin Allah ya yi ta gudu da su da lalube. Amma haushin ba ya daɗewa, abin da ke daɗewa shi ne nauyin da ke ƙirjina. Mutumin nan ya san ciwonsa, da sannu zai sauka da kansa a ranar da ya zaɓa, ya ce ya gaji, a yi masa addu'a. Ni na shiga da sifana na zaɓa masa rana, a gaban fasinja, ina jiran a tafa mini. Kuma sana'ar da na yi masa wannan da ita, shi ya kai ni na koya.

Bai daina zuwa tasha ba. Kullum da safe ya zo ya zauna a bencinsa, daga baya da sanda, direbobi suna kawo masa gaisuwa da ƙorafin motocinsu. Ni kuma sai na ga aiki yana ƙaruwa a rumfata, kuma kusan duk iri ɗaya: mai ja gefe, mai rawar sitiyari, mai cin taya, mai bin sawu. Har daga Ajingi da ƙauyukan bayanta ake kawowa. Na ɗauka labarin ranar kasuwar nan ne ya bazu.

Wata rana da hantsi wani direba da ban sani ba ya tsayar da akori-kura a bakin rumfa, ya ce tasa ma sawu take bi, ta kusa kayar da shi. Na tambaye shi wa ya kwatanta masa ni. Ya nuna bencin da ke can ƙarshen tasha, ya ce wancan dattijon, ai duk wanda ya yi kukan ƙafar mota nan yake turo shi.

"Ya yabe ka ƙwarai," in ji direban. "Ya ce tasa ta fi tawa lalacewa, amma tun ranar da ka taɓa ta bai ƙara jin hanya a hannunsa ba."

Na ce masa to, Allah ya sa mu dace. Na jawo jak na ɗaga gaban motar, na shige ƙarƙashi, na daɗe a can ban kama sifana ba.